Fasahar Siririn Shafe Wajen Samar da Lantarki daga Hasken Rana: Nazari a kan Kamfanin Oxford PV

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana wani reshe na fasahar samar da wutar lantarki daga hasken rana, wanda za mu kira fasahar siririn shafe, ta kuma duba yadda sabon kamfani kan yi fama kafin ya fitar da wannan fasaha daga ɗakin gwaji ya kai ta kasuwa. Mun zaɓi kamfanin Oxford PV na ƙasar Ingila ya zama misalinmu. An kafa shi ne a 2010, bai kuwa sayar da kayansa na farko ba sai a 2024. Saboda haka a ma'aunin ciniki yaro ne ɗanye, ko da yake ya daɗe yana bincike.

Abin da muke so mu tabbatar shi ne, samun ƙwaya mai kyau a ɗakin gwaji bai isa ya raya kamfani ba. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci: kuɗin da ake kashewa wajen ƙera kowane wat na lantarki, da yawan shekarun da faranti zai yi a rana bai lalace ba. Za mu fara da bayanin yadda ƙwayar ke aiki, sannan mu waiwayi kamfanonin da suka gabata, kana mu zo kan Oxford PV da matsalolin da ke gabansa.

2.0 YADDA ƘWAYAR SOLA TAKE AIKI

Farantin da muke gani a kan rufin gidaje, wanda jama'a ke kira sola, haɗin ƙananan yankuna ne da aka jera aka sadar da su da waya. Kowane yanki shi muke kira ƙwaya. Masanin ƙasar Faransa Edmond Becquerel ne ya fara lura a 1839 cewa haske na iya haifar da lantarki a jikin wasu abubuwa, amma sai a 1954 ne masu bincike na ɗakunan gwajin Bell a Amurka suka ƙera ƙwaya ta silikon mai amfani. Wannan ƙwaya tana juya kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta zuwa lantarki. Wannan kaso shi za mu riƙa kira ƙwazon ƙwaya a duk tsawon takardar.

Haske yana zuwa ne a ƙunshi-ƙunshi, kuma kowane launi da nasa ƙarfin: ƙunshin shuɗin haske ya fi na jan haske ƙarfi. A cikin silikon kuwa akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, watau ilektaron, waɗanda ke ɗaure a mazauninsu. Kafin ilektaron ya kuɓuta ya gudana cikin waya sai ya tsallake wani giɓi na ƙarfi, kuma ƙunshin haske ne ke ba shi abin tsallakewa. Daga nan asara iri biyu take faruwa. Ƙunshin da ƙarfinsa bai kai faɗin giɓin ba wucewa yake yi a banza. Wanda ƙarfinsa ya zarce giɓin kuwa, rarar zafi take zama.

A 1961 William Shockley da Hans Queisser suka yi lissafin iyakar da wannan asara ta gindaya. Bisa ga wannan lissafi, ƙwaya mai giɓi ɗaya tak ba za ta wuce kimanin kashi 33 cikin ɗari ba, komai kyawun ƙirarta. Iyakar silikon shi kansa ta tsaya ne wajen kashi 29. Ya kamata mu riƙe waɗannan adadi biyu, domin a kansu dabarar Oxford PV ta ginu.

3.0 MA'ANAR SIRIRIN SHAFE DA IRE-IRENSA

Silikon yana da wani rauni: ba ya shan haske da sauri, sai an yi shi da kauri. Aikin samar da shi kuma doguwar hanya ce. Ana narka ma'adinin farin dutse a tanderu mai tsananin zafi, a tace abin da ya fito har ya yi tsarki ƙwarai, a sake narka shi a zafin da ya haura digiri 1,400, a jawo shi ya zama dunƙule, sannan a yayyanka dunƙulen fallaye-fallaye. Kaurin kowane falle yakan kai maikuromita 150 ko kusa da haka. Maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma kaurin silin gashin mutum yakan kama daga 50 zuwa 100.

Akwai wasu sinadarai da suka fi silikon shan haske nesa ba kusa ba, har maikuromita ɗaya zuwa uku kan wadatar. Abu mai irin wannan siranta ba ya tsayawa da kansa, sai dai a shafa shi a kan gilashi ko ƙarfe ko roba, kamar yadda magini ke shafa farar ƙasa a bango. Wannan ne dalilin sunan siririn shafe. Alfanun da ake hange a fili yake: sinadari kaɗan, zafi kaɗan, matakai kaɗan, kuma faranti ya fito gaba ɗayansa ba sai an jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ba.

Iri uku ne suka fi shahara kafin zuwan wanda muke magana a kansa. Na farko shi ne silikon marar tsari, wanda David Carlson da Christopher Wronski na kamfanin RCA suka yi ƙwaya da shi a 1976. Shi ne ɗan baƙin gilashin nan da ke jikin ƙananan na'urorin lissafi. Ƙwazonsa kaɗan ne, kuma yakan ragu a watannin farko na shan rana. Na biyu shi ne haɗin kadmiyam da teluriyam. Na uku kuwa haɗi ne na tagulla da indiyam da galiyam da seleniyam.

4.0 DARASI DAGA KAMFANONIN DA SUKA GABATA

Tarihin kamfanoni biyu na Amurka ya isa ya nuna mana inda nasara take da inda faɗuwa take.

4.1 First Solar

Harold McMaster, wanda gwani ne a sana'ar gilashi, ya kafa wani kamfani a yankin Toledo na jihar Ohayo a 1990 don shafa kadmiyam da teluriyam a kan gilashi. A 1999 wasu masu jari suka saye shi suka sa masa suna First Solar. Ƙwazon farantansa na farko bai kai na silikon ba. Inda kamfanin ya yi fice shi ne wajen ƙira: gilashi ya shiga ta wannan baki na masana'anta, ya fito ta wancan baki cikakken faranti cikin 'yan sa'o'i. A ƙarshen 2008 kuɗin ƙirarsa ya sauko ƙasa da dala ɗaya a kowane wat, abin da babu wanda ya riga shi yi, kuma a 2009 ya zama kamfanin da ya fi kowa yawan ƙira a duniya. Mu lura cewa kusan shekara ashirin aka ɗauka daga kafuwa zuwa wannan matsayi.

4.2 Solyndra

An kafa Solyndra a jihar Kalifoniya a 2005. Maimakon shimfiɗaɗɗen faranti, sai kamfanin ya shafa haɗin tagulla da indiyam a jikin bututun gilashi, don su kama haske ta kowace fuska, har da wanda ke dawowa daga farin rufi. Dabarar tana aiki, amma ƙirarta na da tsada. Lissafin kamfanin ya dogara ne a kan cewa silikon zai ci gaba da tsada, domin a 2008 farashin kilo ɗaya na tataccen silikon ya haura dala 400. A 2009 gwamnatin Amurka ta tsaya masa ya karɓi bashin dala miliyan 535 don gina sabuwar masana'anta.

Kafin masana'antar ta kankama, sababbin matatun silikon sun buɗe, kamfanonin ƙasar Sin sun faɗaɗa ƙira, farashin silikon kuma ya faɗo ƙasa da dala 50 a 2011. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara Solyndra ya rufe, ya sallami ma'aikata kimanin 1,100. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Nanosolar, wanda ya yi niyyar buga shafen kamar yadda ake buga tawada a takarda, ya sayar da kadarorinsa a 2013. Ko kamfanin Solar Frontier na Japan, wanda ya yi girma ƙwarai, ya daina ƙera irin wannan faranti a 2022.

Darasin shi ne, sabon kamfani yana tsere ne da abokin gasa wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan auna kansa da farashin silikon na ranar da aka kafa shi, alhali kafin kayansa su fito, shekara biyar ko goma nan gaba, farashin ya riga ya yi ƙasa. A farkon shekarun 2020 silikon ya riƙe kimanin kashi 95 cikin ɗari na kasuwar duniya, kuma Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa fiye da kashi 80 na ƙirarsa, a kowane mataki, a ƙasar Sin ake yi. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

5.0 KAMFANIN OXFORD PV

5.1 Asalin Kamfanin da Sinadarinsa

Farfesa Henry Snaith na sashen kimiyyar fiziya a Jami'ar Oksfod, tare da Kevin Arthur, su ne suka kafa Oxford PV a 2010 don kai sakamakon binciken jami'ar kasuwa. Niyyar farko ita ce a ƙera gilashin tagogi mai samar da lantarki don manyan gine-gine. Abin da ya sauya akalar kamfanin shi ne wani rukunin sinadarai da ake kira ferobiskayit.

Asalin sunan na wani ma'adini ne da Gustav Rose ya gano a duwatsun Ural na ƙasar Rasha a 1839, ya sa masa sunan Lev Perovski. A yau ana kiran duk sinadarin da ƙwayoyinsa suka jeru irin jerin wannan ma'adini da wannan suna. Wanda ake amfani da shi a sola ba haƙo shi ake yi ba, haɗa shi ake yi daga dalma da aidin da buromin da wasu abubuwa masu araha. A 2009 Tsutomu Miyasaka da abokan aikinsa a Japan suka fara gwada shi, suka sami ƙwazon kashi 3.8, amma ƙwayar tana narkewa cikin ɗan lokaci saboda ruwan sinadarin da ke cikinta. A 2012 ƙungiyar Snaith, da wata ƙungiya ta Koriya ta Kudu da Suwizalan, suka kawar da ruwan suka yi ƙwaya busasshiya mai ƙwazon kashi 10 ko kusa da haka. Kafin 2024 ta ƙare, ƙwazon ya haura kashi 26. Tafiyar da silikon ya yi cikin shekara sittin, ferobiskayit ya yi ta cikin shekara goma sha biyar.

Halaye uku ne suka sa wannan sinadari ya ja hankali. Rabin maikuromita ya ishe shi shan haske. Ana iya shafa shi a zafi kaɗan. Abu na uku, wanda ya fi muhimmanci a nan, shi ne ana iya faɗaɗa giɓinsa ko a tsuke shi ta hanyar sauya yawan aidin da buromin da ke ciki.

5.2 Dabarar Ƙwaya Mai Hawa Biyu

A nan ne Oxford PV ya rabu da hanyar magabatansa. Maimakon ya ƙera farantin ferobiskayit zalla ya shiga kokawa da silikon, sai ya zaɓi ya shafa ferobiskayit a saman ƙwayar silikon da aka saba da ita, watau silikon ya goya sabon sinadarin. Ana daidaita shafen na sama ya zama mai faɗin giɓi, sai ya kama shuɗi da koren haske ba tare da yawan asara ba. Jan haske da wanda ido ba ya gani kuwa su ratsa shi su isa silikon da ke ƙasa, wanda giɓinsa ya dace da su. Da yake giɓi biyu ne ke aiki, iyakar Shockley da Queisser ta ƙwaya ɗaya ba ta hau kanta ba. Lissafi ya nuna irin wannan haɗi na iya kaiwa kimanin kashi 43.

Hikimar ciniki da ke cikin wannan zaɓi ta fi ta kimiyya. Idan silikon ya yi araha, rabin ƙwayar Oxford PV ne ya yi araha. Abin da ya kashe Solyndra a nan taimako yake yi. Bugu da ƙari, da yake farashin faranti ya faɗi ƙwarai, kaso mai yawa na kuɗin kafa tasha yanzu yana tafiya ne a kan fili da ƙarafan ɗorawa da waya da ladan ma'aikata, waɗanda duk da faɗin wuri ake auna su. Alal misali, a ma'aunin gwaji rana tana zuba wat 1,000 a kowace murabba'in mita. Faranti mai murabba'in mita biyu da ƙwazon kashi 21 zai ba da wat 420, amma mai kashi 24.5 zai ba da wat 490 a kan fili ɗaya da ƙarafa ɗaya. Wannan rara ta wat 70 ita ce hajar da kamfanin yake sayarwa.

5.3 Daga Ɗakin Gwaji zuwa Masana'anta

A 2016 kamfanin ya sayi wata masana'anta a garin Brandenburg an der Havel, yamma da Barlin a ƙasar Jamus, daga hannun kamfanin Bosch. Abin lura, a wannan wuri an taɓa ƙera farantan siririn shafe na tagulla da indiyam kafin a daina. A watan Yuni na 2018 ƙwayar Oxford PV ta kai kashi 27.3, ta zarce kashi 26.7 wanda shi ne mafi girman abin da silikon zalla ya kai a lokacin. A watan Disamba na 2020 ta kai kashi 29.52.

To, sai dai waɗannan ƙwayoyi faɗinsu murabba'in santimita ɗaya ne kawai, kamar farcen yatsa. Ƙwayar kasuwa ta ninka haka fiye da sau 250, kuma shafa abu mai kaurin rabin maikuromita daidai wa daida a kan irin wannan faɗi, ba rami ba tudu, aiki ne ja. Rami ɗaya ƙanƙane ya isa ya zubar da lantarkin yankin da ke kewaye da shi. A 2023 ne kamfanin ya sami kashi 28.6 a ƙwaya mai girman kasuwa, bisa tabbacin cibiyar Fraunhofer ta Jamus. A 2024 ya nuna cikakken faranti mai kashi 26.9, kuma a watan Satumba na wannan shekara ya aika da farantansa na farko na sayarwa zuwa Amurka, masu ƙwazon kashi 24.5. Idan muka jera adadin nan, 29.52 da 28.6 da 26.9 da 24.5, za mu ga yadda ƙwazo ke zubewa a kowane mataki tsakanin teburin mai bincike da hannun mai saye. Duk wanda zai auna irin wannan kamfani, adadin ƙarshe ya kamata ya duba.

6.0 MATSALOLIN DA SUKA RAGE

Matsala ta farko kuma mafi girma ita ce ƙarko. Masu ƙera farantin silikon sukan ba da lamunin shekara 25 ko fiye, kuma a kan wannan lamuni ne bankuna ke ba da bashin gina tasha. Ferobiskayit kuwa gishiri ne mai laushi: damshi yana ruguza shi, zafi yana sa wasu sassansa su tashi, kuma a ƙarƙashin haske ƙwayoyin aidin da buromin kan bar mazauninsu su yi ƙaura. Ana rage wannan ta hanyar gyara haɗin da kuma rufe ƙwayar ruf tsakanin gilasai biyu. Akwai gwaje-gwajen gaggawa da ake yi wa kowane faranti, kamar ajiye shi sa'a 1,000 a zafin digiri 85 da damshin kashi 85. Amma an tsara waɗannan gwaje-gwaje ne bisa sanin yadda silikon ke lalacewa, saboda haka cin su ba ya nufin sabon sinadari zai kai shekara 25. Babu farantin ferobiskayit da ya taɓa yin waɗannan shekaru a fili, domin fasahar kanta ba ta kai haka ba. Wannan batu ya shafi ƙasashe masu zafi irin namu kai tsaye, inda jikin faranti kan haura digiri 60 da rana tsaka a bazara. Sakamakon da aka samu a sanyin Jamus ba zai wadatar da mai saye a Sakkwato ko Agadas ba, sai an ga na wuri mai kama da nasa.

Matsala ta biyu ita ce dalma. Yawanta a cikin shafen bai kai giram ɗaya ba a kowace murabba'in mita, amma irin wadda ke narkewa a ruwa ce. Muddin gilashi bai fashe ba, babu inda za ta je. Tambayar ita ce makomar farantan da suka fashe ko suka tsufa, musamman inda babu tsarin tattara su. First Solar ya fuskanci irin wannan tambaya game da kadmiyam, ya amsa ta da shirin karɓar tsofaffin farantansa yana sake sarrafa su.

Matsala ta uku ita ce gasa. Dabarar hawa biyu ba ta zama ta Oxford PV shi kaɗai ba. Kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 33.9 a ɗakin gwaji a 2023, ya kai 34.6 a 2024, kuma yana da masana'antu da jarin da ƙaramin kamfani ba shi da su. First Solar ma ya sayi wani kamfanin ferobiskayit na ƙasar Suwidin mai suna Evolar a 2023. Makamin Oxford PV a nan shi ne takardun mallakar fasaha da ya tara tun farkon binciken. A 2025 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Trina Solar na ƙasar Sin, inda ya ba shi izinin amfani da fasaharsa a can. Wannan na nuna cewa ribar sabon kamfani na iya fitowa daga sayar da sani ko da bai zama babban maƙeri ba.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga cewa siririn shafe yana da hujja mai ƙarfi ta kimiyya, amma yawancin kamfanonin da suka ɗauke shi sun faɗi domin silikon ya riga su yin araha. First Solar ya tsira saboda ya mayar da hankali kan kuɗin ƙira, Solyndra ya faɗi saboda ya gina lissafinsa a kan tsadar abokin gasa. Oxford PV ya kauce wa wannan tarko ta hanyar ɗora shafensa a kan silikon, ya kuma nuna cewa ana iya ƙera ƙwaya mai hawa biyu a masana'anta har a sayar. Abin da bai tabbata ba tukuna shi ne ƙarko, kuma wannan shekaru ne kaɗai za su nuna shi.

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai masu koyar da kimiyya da fasaha ita ce, idan ana gabatar wa ɗalibai labarin sabon ƙwazo da aka samu, a koya musu su yi tambaya huɗu: mene ne faɗin ƙwayar da aka auna, wace cibiya ce ta tabbatar da awon, nawa ne kuɗin ƙera wat ɗaya, kuma shekara nawa farantin ya yi a rana. Haka nan muna ganin sassan kimiyya na kwalejojinmu da jami'o'inmu na iya ba da gudummawa ta haƙiƙa da kayan aiki kaɗan, ta hanyar girka farantai iri-iri a fili suna rubuta abin da suke bayarwa wata bayan wata, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu da damshin damina. Irin wannan bayani shi ne abin da masu ƙira da masu saye suka fi bukata a wannan mataki.